Waiwaye kan makarantun ahliyya a Makka da inda yaranmu suka tsaya

Duk lokacin da aka fara rijistar ɗalibai, hirar da ake yi a gidajen Hausawa na unguwannin Shara Mansur da Masfala a Makka ɗaya ce, wace makaranta za a kai yaro kuma nawa ne kuɗin. Mutane da yawa sun ɗauka makarantar ahliyya, wato mai zaman kanta wadda ke haɗa addini da boko tun daga ibtida'i (firamare) har sanawi (babbar sakandare), abin masu kuɗi ne da ya zo jiya jiya. Alhali ta girmi makarantar gwamnati a ƙasar nan ta Saudiyya, kuma ba don kasuwanci aka fara ta ba.

A tsakiyar shekarun 1870 Shehu Rahmatullah Kairanawi, malamin da ya baro Indiya bayan boren 1857 da aka yi wa Turawan Ingila, ya buɗe makarantar Saulatiyya a Makka, kuma kuɗin ginin wata baiwar Allah ce daga Kalkata mai suna Saulatun Nisa ta bayar da ta zo aikin hajji, shi ya sa ma aka sa wa makarantar sunanta. Mace ɗaya fa! A 1905 attajirin lu'ulu'u Muhammad Ali Zainal ya kafa Alfalah a Jidda, daga baya ya yi mata reshe a Makka. Mutanen Jawa, wato na yankin Indonesiya da Maleshiya, su ma suka kafa Darul Ulum a 1934. Ita kuwa hukuma sai a 1926 ta kafa ofishin ilimi, ma'aikatar ilimi sukutum sai 1953, karatun 'yan mata na gwamnati kuma sai 1960.

To mu ina muke a lokacin? Muna nan. Kakanninmu sun taho a ƙafa ta Chadi da Sudan, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903, suna noma a hanya shekara da shekaru kafin su tsallako ta Sawakin, kuma ba da hannu wofi suka zo ba, da allo da Alƙur'ani a ka suka iso. Malamai kam Afirka ta yamma ta bayar, ga Shehu Abdurrahman Al'ifriƙi ɗan Mali ga ɗalibinsa Shehu Umar Fallata, dukansu sun riƙe Darul Hadis ta Madina. Amma galibin karatun yaranmu a zaure da kuttab, wato makarantar allo, ya tsaya, malam ɗaya da almajiransa, in Allah ya yi masa rasuwa shikenan makarantar ta watse, babu wakafin da zai riƙe ta babu shahada, wato takardar shaidar karatu, da hukuma ta sani. A ganina nan aka bar mu a baya, ba wai a ilimi ba, a tsari.

Wannan giɓin ne yake cin mu yanzu. Tsarin karatu shekara 6 ne a ibtida'i, 3 a mutawassiɗ (ƙaramar sakandare), 3 a sanawi, kuma rijista ta koma kwamfuta, lambar igama (takardar izinin zaman baƙo) ko hawiyya (katin ɗan ƙasa) ake nema kafin komai. Yaron da aka haifa a Makka, uwarsa ma nan aka haife ta, amma ba takarda, zai iya haddace izu sittin a halƙar masallaci muryarsa ta sa mutane kuka a tarawihi, ya kai shekara ashirin ba shi da shahadar firamare, wallahi abin yana taɓa zuciya. Mai igama kuma tun 2017 yana biyan kuɗin iyali, an fara da riyal 100 kan kowane mutum a wata har ya kai 400 a 2020, mai 'ya'ya biyar ya biya wannan sannan ya zo ga kuɗin ahliyya da na mota da na littattafai, dole wasu suka maida yara Kano ko Damagaram wajen dangi, yaran da Larabci ya fi kama bakinsu.

'Yan Burma da ke Makka sun daɗe suna tafiyar da makarantun sadaka na unguwanninsu, da aka zo gyara musu takardun zama a 2013 an same su a haɗe da shugabanninsu. Mu ma muna da attajirai masu zuwa umara duk azumi, muna da malamai da suka gama Jami'ar Ummul Ƙura ta Makka da Jami'ar Musulunci ta Madina waɗanda za su iya koyar da kowane aji. Makaranta mai lasisi da wakafi a bayanta, wadda ɗan mai ɗinki da ɗan direba za su shiga ba tare da uban ya ci bashi ba, ita nake so manyanmu su zauna su tattauna kafin rijistar baɗi.