Harsashin da doka ta hana soja, ta bar wa ɗan sanda

Sojan ƙasashe da yawa ba ya da izinin ɗura wa fistol ɗinsa, wato ƙaramar bindigar hannu, irin harsashin da ɗan sandan garinsu ke yawo da shi kullum a ƙugu. Dalilin yana cikin wata gajeriyar yarjejeniya da aka sa wa hannu a birnin Hague na ƙasar Holan ranar 29 ga Yuli, 1899.

Abin da ta ce ba shi da tsawo: ƙasashen da suka shiga sun yarda ba za su yi amfani da harsashin da ke buɗewa ko ya baje cikin sauƙi a jikin mutum ba. Ta kawo misali da harsashin da rigar ƙarfensa ba ta rufe dalmar ciki gaba ɗaya ba, ko wanda aka tsattsage bakinsa. Harsashi mai cikakkiyar riga yakan huda ya wuce. Mai buɗaɗɗen baki kuwa yana shiga sai ya baje, ya yi ɓarna mai faɗi. Shi ake kira dum-dum, sunan wata masana'antar makamai ta Turawan mulkin mallaka kusa da Kalkata a Indiya.

Birtaniya ta ƙi sa hannu a lokacin. Wakilinta, Sir John Ardagh, ya kafa hujja da cewa harsashin yau da kullum ba ya tsayar da mayaƙan da suke karawa da su a ƙasashen da suke mamaya. Wato ran Bature daban, na sauran mutane daban. Sai a 1907 ta shiga. Amurka kuwa har yau ba ta shiga ba.

Me ya sa maganar ta fi damun ƙaramar bindiga? Saboda ba ta da ƙarfin doguwa. Makamin hafsoshi ne, da matuƙa jiragen sama, da masu tankar yaƙi, waɗanda ba sa zaro shi sai abokin gaba ya zo gab da su. Wata hanyar ƙara mata ƙarfi ba tare da harsashin buɗewa ba ita ce a ƙara wa harsashin kauri. Sojojin Amurka sun koka a yaƙin Filifin cewa libarbarsu (ƙaramar bindiga mai gidan harsashi da ke juyawa) mai lamba .38, wato kaurin harsashinta, ba ta kayar da mayaƙan Moro, Musulmin kudancin ƙasar, abin da ya kai ga karɓar fistol ɗin M1911 mai harsashin da ya fi kauri, lamba .45, a shekarar 1911. Ta yi aiki har 1985, lokacin da Beretta M9 mai milimita 9 ta gaje ta. Birtaniya ma kafin Yaƙin Duniya na Biyu ta sa wa harsashin dalma na libarbarta riga, don gudun a ce ta karya doka.

Ɗan sanda fa? Dokar yaƙi ce, ba ta shafi aikin tsaron gari ba. Hujjar 'yan sanda kuma tana da ƙarfi: harsashin da ya baje yakan tsaya a jikin wanda aka harba, ba ya ratsawa ya sami mai tallan da ke bayansa.

Gardamar ta sake tashi bayan 2017, da sojan Amurka ya zaɓi fistol ɗin SIG Sauer, M17 da M18, tare da harsashi iri biyu, ɗaya mai rami a baki. Amurka ta ce ba ta cikin yarjejeniyar, kuma abin da aka haramta shi ne makamin da aka ƙera don azabar da ba ta da amfani. Ƙungiyar Red Cross ta duniya ta ce hanin ya riga ya zama al'adar da ta hau kan kowa. Dokar Roma ta 1998, wadda ta kafa kotun manyan laifuka ta duniya, ta lissafa amfani da irin wannan harsashi cikin laifukan yaƙi, a taron Kampala na 2010 kuma aka faɗaɗa shi zuwa yaƙin cikin gida, ga ƙasashen da suka amince da gyaran. Amurka ba ta cikin wannan kotun ma.