Kamuwar cikin ido da bakteriya bayan rauni mai hudawa

Idan ƙusa, waya, ƙaya ko ɓurɓushin ƙarfe ya huda ƙwayar ido, bakteriya kan samu hanyar shiga ciki, su haifar da ciwon da likitoci ke kira endoftalmaitis. Yana faruwa a ƙasa da kashi 10 cikin 100 na irin waɗannan raunuka, amma adadin kan haura sosai idan wani abu ya maƙale a cikin idon ko raunin ya gurɓace da ƙasa.

Abin da ya sa cikin ido ke da saurin lalacewa shi ne ruwan nan mai kauri da ya cika bayansa ba shi da jijiyoyin jini. Garkuwar jiki ba ta isa wurin da wuri, maganin sha ma kaɗan ne ke ratsawa. Sai ƙwayoyin su yi ta hayayyafa ba mai tare su.

Bakteriyar da ta fi yawan haddasa ciwon ita ce nau'in Staphylococcus epidermidis, wanda dama yana zaune a fatar ido. Amma wanda ya fi ban tsoro shi ne Bacillus cereus, mazaunin ƙasa. Gubarsa kan cinye tantanin gani cikin awa 24 zuwa 48, har ma takan jawo zazzaɓi. Misali, maƙeri ko manomi ya buga ƙarfe kan ƙarfe, ya ji ɗan wani abu ya faɗa masa ido, ya goge ya ci gaba da aiki, kashegari idon ya kumbura, farar mugunya ta kwanta a ƙasan baƙin idon kamar madara a gindin kofi.

Haɗarin na ƙaruwa idan aka wuce awa 24 ba a ɗinke raunin ba, ko madubin cikin ido (lens), wanda ke tattara haske, ya fashe.

Kafin a kai ga likita, ba a danna idon, ba a ciro abin da ya soke shi, sai dai a rufe shi da marufi mai tauri. A asibiti ana ɗaukar hoton cikin ido da na'urar CT, ana guje wa na'urar hoto ta MRI matuƙar ana zaton ƙarfe ne ya shiga idon, don maganaɗisun da ke cikinta zai iya motsa shi. Ana yin allurar rigakafin tetanus. Idan ciwon ya kama, ana zuba magungunan kashe bakteriya, wato vancomycin miligiram 1 da ceftazidime miligiram 2.25 kai tsaye cikin idon, sau da yawa tare da aikin cire gurɓataccen ruwan.