Ma'anar Dannau, Mai Danne Mutum a Cikin Barci

Kalmar dannau ta samo asali ne daga danne, kuma an gina ta a kan tsarin da ya ba mu mantau da jimrau, wato sunan wanda wani aiki ya zame masa ɗabi'a. Bahaushe yana amfani da ita wajen kiran wani yanayi da ke samun mutum lokacin da barci ke shirin ɗaukarsa ko lokacin da yake farkawa. Mutum yana kwance, yana ganin ɗakinsa, yana iya jin numfashin wanda ke barci a gefensa, amma ya kasa ɗaga hannu ko ƙafa, kuma idan ya yunƙura zai yi salati ko ya kira wani, sai murya ta ƙi fita. Sau da yawa yakan ji wani nauyi a ƙirjinsa, wani lokaci kuma ya tabbata a ransa cewa akwai wani a tsaye a bakin ƙofa. Abin bai cika wuce daƙiƙu kaɗan zuwa minti ɗaya ko biyu ba, sai dai wanda ya taɓa shiga cikinsa zai rantse cewa ya fi haka daɗewa. Idan gari ya waye, ba ya cewa ya yi mafarki. Cewa yake yi dannau ya danne shi, domin a ganinsa idonsa biyu abin ya faru.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina game da wannan kalma shi ne yadda al'ummomin da ba su haɗa harshe ba suka raɗa wa abin suna kusan iri ɗaya. Larabawa suna kiransa kabus, daga aikatau mai ma'anar dannewa, ko jasum, mai durƙusawa a kan mutum. Turkawa suna cewa karabasan, baƙin abu mai danna, Sinawa suna cewa fatalwa ta danne gado, Japanawa kuma suna cewa kanashibari, wanda ke nufin an ɗaure mutum kamar da ƙarfe. A tsibirin Newfoundland na Kanada, wata tsohuwar mayya ake cewa tana hawa ƙirjin mai barci. Likitocin da can ma sun san shi. Ibn Sina, wanda ya rasu a shekarar 1037, ya yi bayanin kabus a littafinsa na likitanci, inda ya danganta shi da wani tururi mai kauri da ke tasowa daga jiki zuwa ƙwaƙwalwa. A 1664 wani likita ɗan ƙasar Holan, Isbrand van Diemerbroeck, ya rubuta labarin wata mata mai shekara 50 da ke jin kamar shaiɗan, ko ƙaton kare, ko ɓarawo ya kwanta a ƙirjinta duk lokacin da ta kwanta rigingine.

Bayanin da masana ke bayarwa a yau ya fara ne a 1953, lokacin da Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman na Jami'ar Chicago suka gano cewa barci yana da wani mataki da idanu ke kai da komo da sauri a ƙarƙashin fatar ido, kuma a cikinsa ne ake yin mafarkai masu kama da gaske. Wannan mataki yana dawowa kusan duk bayan minti 90, yana kuma ƙara tsawo yayin da asuba ke gabatowa. Bayan haka Michel Jouvet, a birnin Lyon na Faransa, ya nuna da gwaji a kan kyanwoyi cewa a wannan mataki gindin ƙwaƙwalwa yana aika saƙo zuwa laka domin a kashe ƙarfin tsokokin jiki. Da aka lalata wurin da ke aika saƙon, sai kyanwoyin suka riƙa miƙewa suna farauta da faɗa alhali suna cikin barci. Ashe shanyewar jiki kariya ce da ke zuwa wa kowa a kowane dare, domin ba don ita ba, da mai mafarkin gudu ya tashi ya yi karo da bango. Dannau yana faruwa ne idan hankali ya riga jiki farkawa, wato ido ya buɗe, tunani ya dawo, amma saƙon da ya ɗaure tsokoki bai riga ya ɗauke ba.

Nauyin ƙirji ma yana da dalili. A barcin mafarki tantanin da ke raba ƙirji da ciki yana ci gaba da aikin numfashi, amma tsokokin da ke tsakanin haƙarƙari suna cikin waɗanda aka kashe wa ƙarfi. Mutumin da ya firgita zai so ya ja dogon numfashi, ƙirji kuma ya ƙi buɗewa yadda ya saba, sai ya ji kamar an ɗora masa dutse, duk da cewa iska ba ta daina shiga ba.

Abin ya yawaita fiye da yadda ake zato. A 2011 Brian Sharpless da Jacques Barber sun tattara bincike 35 da suka shafi mutane sama da 36,000, suka samu cewa kusan kashi 8 cikin 100 na jama'a sun taɓa fuskantarsa, a tsakanin ɗalibai kuwa adadin ya kai kashi 28. Yawan ɗalibai a ciki ba abin mamaki ba ne, tun da ƙarancin barci, da sauya lokacin kwanciya, da damuwa su ne suka fi jawo shi, tare da kwanciya rigingine.

Inda maganar ta fi wuya shi ne batun baƙon da ake gani. James Allan Cheyne da abokan aikinsa a Jami'ar Waterloo ta Kanada sun kasa abin da mutane ke ji kashi uku: jin cewa wani ya kutso ɗaki, jin an danne ƙirji ko an shaƙe wuya, da jin jiki yana shawagi ko mutum ya fita daga gangar jikinsa. Masana suna ganin cewa sashen ƙwaƙwalwa mai lura da haɗari yana aiki sosai a barcin mafarki, don haka idan mutum ya farka a ɗaure, ƙwaƙwalwa takan nemi wanda ya ɗaure shi, ta kuma ƙera shi daga inuwar labule ko rigar da ke rataye. Wannan bayani yana da ma'ana, amma har yanzu hasashe ne da ake muhawara a kai, kuma bai gama amsa dalilin da ya sa baƙon yake yawan zuwa a siffar baƙar inuwa mai kama da mutum ba, ga Bajapane da Bature da Bahaushe baki ɗaya.

Abin da bincike ya nuna shi ne cewa fassarar da mutum ya ba abin tana shafar yadda yake jinsa. Baland Jalal da Devon Hinton sun kwatanta Masar da Danmak, suka ga cewa Misirawa, waɗanda da yawansu ke danganta shi da aljanu, sun fi fuskantarsa akai-akai kuma sun fi tsorata da shi. Tsoro yana hana barci, rashin barci kuma yana sake gayyato dannau. Ana yawan kawo labarin 'yan gudun hijirar ƙabilar Hmong daga Laos, waɗanda tun daga ƙarshen shekarun 1970 aka riƙa samun mazajensu masu lafiya sun mutu cikin barci a Amurka. Hukumomin lafiya sun ƙirga mutum sama da 100 a tsakanin 'yan gudun hijirar kudu maso gabashin Asiya, kuma su Hmong sun ɗora laifin a kan wani ruhi mai danna ƙirji. Daga baya aka alaƙanta irin wannan mutuwa da wata matsalar bugun zuciya da ake gada, wadda aka bayyana a 1992 da sunan ciwon Brugada. Ya kamata a bambanta abubuwan biyu, domin shi dannau a karan kansa ba a san shi da kisa ba.

Ni a ganina, Musulmin da ke karanta Ayatul Kursiyyu kafin ya kwanta, ya kuma kwanta a ɓarin dama kamar yadda sunna ta koyar, ba ya cikin saɓani da likita, domin natsuwar zuciya da barin kwanciya rigingine suna cikin abubuwan da ake ba da shawara a kansu, tare da isasshen barci a kan lokaci guda. Idan abin ya zo, masu fama da shi da yawa suna samun sauƙi ta hanyar daina kokawa da mayar da hankali ga motsa ɗan yatsa ɗaya, kuma taɓawar wani da ke kusa tana iya kawo ƙarshensa nan take. Wanda dannau ke zo masa a kai a kai, musamman idan yana fama da barci mai ƙarfi da rana ko jikinsa yana sakewa idan ya yi dariya, ya kamata ya ga likita, domin waɗannan suna cikin alamomin wata cutar barci da ake kira nakolefsi, wadda ake da magungunan rage ta.