Sake Cika Kwanson Harsashi a Gida: Matsayin Doka da Ƙarfin Kwanson Kansa

Tsakanin 'yan uwa mafarauta mazauna Agege, Alaba Rago da Mile 12, musamman masu fita dajin Epe da Ikorodu, tambaya ɗaya ta yawaita tun da harsashi ya yi tsada: mai lasisin bindiga yana iya tattara kwansunan da ya harba ya sake cika su da kansa? Ana ganin 'yan Amurka suna yi a bidiyo, da ma'auni da 'yan injinansu a kan tebur. A Amurka halas ne mutum ya cika don amfanin kansa. A Najeriya laifi ne, kuma mai nauyi.

Dokar Bindigogi ta 1959, wadda ke cikin kundin dokokin tarayya na 2004, ita ke aiki a Legas kamar ko'ina. Ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko haramtattu ne, sai da izinin Shugaban Ƙasa: bindigogi masu sarrafa kansu, fistol, da raifal masu faɗin baki milimita 7.62, milimita 9, inci .300 da inci .303. Na biyu bindigogin amfanin kai, wato irin su dabul-baral da raifal na farauta da ba su cikin waɗancan awo, kuma Sufeto-Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu. Na uku bindigar toka da danginta da ake ɗurawa ta baki, waɗanda ke hannun Kwamishinan 'yan sandan jiha. A lura da kyau: raifal ɗin farauta mai awon 7.62 ba ta shiga kashi na biyu, ko da ba ta taɓa kusantar bariki ba.

Inda mutane suka fi faɗawa shi ne ma'anar "harsashi". Doka ta ce ya haɗa da kowane ɓangare nasa. Kwanson da babu komai ciki, 'yar hular gindi mai tayar da wuta, dalmar kai, da albarushin da aka tanada don ɗuri, duk sun shiga. Riƙe harsashi kuwa bai halasta ba sai bisa sharuɗɗan lasisin bindigar da aka yi shi dominta. Sashe na 22 ya hana ƙera, harhaɗawa ko gyara bindiga ko harsashi, in ba a rumbun makaman gwamnati ko masana'antar soja da Shugaban Ƙasa ya amince ba, irin DICON da ke Kaduna tun 1964. Sake cika kwanso harhaɗawa ne, babu wata kwana. Hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, alhali riƙe bindigar kashi na biyu ba lasisi bai wuce shekara 5 ba. Yin odar kayan ɗuri daga waje ta Apapa, Tin Can ko filin jirgin Murtala Muhammed wani laifin ne daban, don shigo da harsashi sai da lasisin shigowa. Dokar taƙaita ƙananan makamai ta 2024 ta ƙara tsaurara sa ido.

Mun yarda dokar ta tsufa, amma a wannan gaɓar akwai hujjar da ta wuce tsaro, kuma tana jikin kwanson.

Kwanson raifal tagulla ce: kashi 70 jan ƙarfe, kashi 30 tutiya. Idan aka harba, yakan buɗe ya manne da bangon mazauninsa a cikin bindiga ya toshe hayaƙi kada ya dawo baya, sannan ya ɗan tsuke don a iya zare shi. Saboda haka masana'anta ke ƙera shi da tauri iri biyu: gindi mai tauri don ɗaukar matsi, wuya mai laushi don riƙe dalma. Matsin ba wasa ba ne. C.I.P., hukumar ƙasa da ƙasa mai tsara gwajin bindigogi da harsasai, ta ƙayyade wa harsashin .375 H&H Magnum, wanda ya fito a 1912, iyakar bar 4,300 (bar ma'aunin matsi ne). Tayar ƙaramar mota bar 2 da 'yan kai take ɗauka. Kusan ninki dubu biyu ke nan, a tazarar da ba ta kai kamu ɗaya daga idon maharbi ba. Shi kuwa .416 Rigby na 1911 an ba shi babban kwanso da iyakar bar 3,250 kacal, domin albarushin wancan zamani yana ƙara matsi a zafin Afirka da Indiya, kuma kwanson da ya maƙale yayin da ɓauna ta taso kan mutum ajali ne.

Kowane harbi yana cin ƙarfin kwanso. Gabansa na manne da bango, gindinsa kuma ana tura shi baya zuwa sakatar bindiga mai tare shi ta baya, sai tagullar da ke sama da gindi kaɗan ta miƙe ta sirance. In aka matse shi ya koma awonsa aka sake harbawa, wurin nan dai zai ƙara miƙewa. Kwansuna masu ɗamara a gindi, irin .375, sun fi saurin wannan lalacewa idan ana tura kafaɗarsu baya fiye da kima. Alamar ita ce wani zobe mai sheƙi da ke zagaye kwanson, ta ciki kuma akwai kwari da ake ji da lanƙwasasshiyar waya. Daga nan sai rabuwa: gindi ya fita, sauran ya maƙale, hayaƙi mai zafi da ɓarɓashin tagulla su nufo fuska.

Matsin da ya wuce kima yana barin wasu shaidu. Ramin hular gindi ya faɗaɗa har hula ta yi sako-sako ko ta faɗo, tambarin sakata ya fito a gindin kwanso, sakata ta ƙi ɗaguwa sai da ƙarfi. Abin tsoron shi ne waɗannan alamu kan bayyana bayan an riga an haura iyaka. Masana'anta na auna matsi da bututun gwaji mai na'ura. Mai ɗuri a ɗaki a Idi-Araba ido kawai yake da shi. Kwansunan kamfanoni biyu masu awo ɗaya ma kan bambanta a kaurin bango, wanda ya fi kauri cikinsa ya fi ƙunci, ɗuri iri ɗaya ya ba da matsi mafi yawa. Gasa wuya da wuta don ya yi laushi, idan zafin ya gangara gindi, ya kashe kwanson ba tare da an gani ba.

Iskar Legas ma tana da nata rabo. Laima da gishirin teku na cin tagulla, ammoniya kuma tana tsattsaga ta. Sojojin Ingila sun gano haka a Indiya, inda harsasan da aka ajiye a bargar dawaki lokacin damina suka tsage saboda fitsarin dawaki. Wanda ke ajiya kusa da turken raguna ko yake goge kwanso da man goge tagulla mai ammoniya ya kula.

Hanyar da doka ta bari ita ce sayen harsashin masana'anta daga dillali mai rajista, na awon da ke rubuce a lasisi kuma cikin adadin da aka yarje. A adana shi a akwati mai rufi, wuri busasshe mai sanyi, ban da cikin motar da ta yini a rana. Harsashin da ya yi kore, ya tsage a wuya, ko aka rasa sanin wanda ya cika shi, kada ya shiga bindiga. A miƙa shi ga ofishin 'yan sandan da ke kula da lasisin, a karɓi takardar shaida.