Kafin a ce "a rufa asiri", a kawo ta asibiti

Iyayena da yayyena, abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya mu ma'aikatan lafiya shi ne latti. Sai a kawo yarinya ƙarama bayan mako biyu da yi mata fyaɗe, an yi mata wanka, an wanke zanin, dattawan layi sun zauna sun ce a bar wa Allah tunda ɗan maƙwabci ne. Sai da ta kasa zama, fitsari na yi mata zafi, sannan aka tuna da asibiti.

Maganin da ke kare mutum daga ƙanjamau bayan fyaɗe, a cikin awa 72 ake fara shi. Kwana uku ke nan, in ya wuce an makara. A Asibitin Murtala da ke nan Kano akwai cibiyar Waraka da aka buɗe domin wannan: a duba yaro, a ba shi magani, a rubuta rahoton likita da kotu za ta yi aiki da shi. Kada a yi wanka tukuna, kayan jikin kuma a naɗe su a takarda a taho da su. Na ce yaro da gangan, don maza ma ana lalata su, kuma nasu aka fi ɓoyewa.

Doka tana nan. Tarayya ta yi Dokar Haƙƙin Yara tun 2003, Kano kuwa sai a 2023 aka sa wa tata Dokar Kare Yara hannu. Amma hukuma ba ta san abin da ke faruwa a soro ba sai an faɗa mata.

Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, da aka kafa a 1995, tana da ofis a Kano. Kai koke kyauta ne, ba sai da lauya ba. Marayan da ake azabtarwa, ko ɗan da aka ɗaure da mari da sunan gyaran hali, maƙwabci ma na iya kai maganarsa.

NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, ita ma tana da ofishin shiyya a nan. Mutane na zaton aikinta sai masu tsallaka Sahara. Har da 'yar aikin da dillaliya ta kawo daga ƙauye, ba boko ba islamiyya, tana wanke-wanke tun asuba, kuɗin wata kuma hannun wata yake shiga. Kanawa ba su manta da yaran nan 9 da aka sace daga unguwanninmu aka gano su a Anambra a 2019 ba, an sauya musu suna.

Shi ya sa nake matsa wa mata a wurin rigakafi su karɓi takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Katin asibiti ba ita ba ce. Ranar da aka shiga kotu, lauyan wanda ake tuhuma ya ce ai yarinyar ta girma, takardar ce za ta nuna shekarunta.