Bin sawun matar manomi a kundin ƙidayar Amurka

Daga wace ƙidaya ake farawa?

Daga ta kusa, sannan a riƙa komawa baya. Amurka na ƙidayar jama'a duk shekara goma tun 1790, amma ba a buɗe shafukan sunaye sai bayan shekara 72. Na 1950 ne aka buɗe a Afrilun 2022, kuma ana duba su kyauta a FamilySearch, shafin intanet na binciken asalin iyali. Kafin 1850 sunan maigida kaɗai ake rubutawa, matarsa lamba ce kawai a rukunin shekarunta. Matan da aka bautar kuwa sai a 1870 sunayensu suka shiga.

Me ya sa take ɓacewa tsakanin ƙidaya biyu?

Galibi aure ne, domin tana komawa sunan dangin miji. Ga kuma giɓin 1890: gobarar da ta tashi a Washington a 1921 ta lalata kusan duk kundin shekarar. Yarinyar da aka haifa a 1881 tana iya yin aure kafin 1900, ba za ka taɓa ganinta a gidan ubanta ba. To, duba gidajen da ke sama da ƙasa da nata a shafi, saboda malamin ƙidaya gida-gida yake bi, kuma sau da yawa dangi ne maƙwabta. Daga 1880 an fara rubuta dangantakar kowa da maigida. In ka ga surukarsa a gidan, mai yiwuwa sunanta ne na gidan su matar, sai fa in tsohuwar ta sake aure.

A layin sana'arta an rubuta “mai kula da gida”. Ba ta noma ke nan?

Kada ka yarda da wannan layin. Daga 1850 zuwa 1880 akwai takardar gona daban, da sunan mijin a kai: eka nawa aka nome, shanun tatsa nawa, man shanu nawa aka kaɗa a shekara. A 1880 har kaji da ƙwai an ƙirga. Tatsa, kaɗa nono da kiwon kaji a yawancin gonakin wancan zamani aikin mata ne, kuma da man da ƙwan ake samun kuɗin cefane. Gonar da ta fitar da man da ya fi ƙarfin cin gida, a nan za ka ga gumin matar.

Shekarunta sun saɓa, wanne zan ɗauka?

Saɓanin shekara biyu ko uku ba komai ba ne. Wanda aka tarar a gida shi ke amsawa, wani lokaci ma maƙwabci. Ta 1900 ta tambayi wata da shekarar haihuwa, ita ce mafarin gwaji.

'Ya'yan da suka rasu fa?

A 1900 da 1910 an tambayi mace 'ya'ya nawa ta haifa, nawa ke raye. In ta ce tara, biyar na raye, jera waɗanda ka samu bisa shekarunsu. Inda tazarar shekara biyu ta koma biyar, nemi wannan tsakanin a rajistar coci da duwatsun maƙabartar garin.