Lambu a bakin Nilu: me ke bin ruwa daga fangalinka?

Duk wanda ya san garuruwan Hausawa na bakin Shuɗin Nilu a Sudan, daga Mai Wurno da Sinnar har zuwa Damazin, ya san gida ɗaya kan haɗa mai lambu da masunci. Wa yana gaɓa da albasa da kuɓewa, ƙane yana cikin kwalekwale da taru. Tun zuwan kakanninmu bayan yaƙin Burmi na 1903, da kogin nan muke ci muke sha. Ga tambayoyin da masu lambu suka fi yi idan zancen taki da magani ya taso.

Lambuna bai kai fadan ɗaya (kusan eka ɗaya) ba. Ta yaya zai cuci kogi kamar Nilu?

Da yayyafi kogi kan cika. Ka tsaya a gaɓa ka duba dama da hagu, lambu ne jere da lambu iyakar ganinka. Kuma ƙasar jarfi, wato gaɓar da ake nomawa bayan ruwa ya janye, aro ce kogi ya ba ka. A watan Agusta da Satumba zai dawo ya rufe ta, ya kwashe duk abin da ka bari, kwalba ce ko leda ko ragowar magani.

Cutar ma ba a tsakiyar kogi take fara bayyana ba. A tur'a, wato hanyar ruwan ban ruwa, take farawa, da kududdufan da ruwa ke bari idan ya janye, inda karfasa da tarwaɗa ke girma. Wata yamma na tarar da wani dattijo yana ɗauraye injin feshi a bakin tur'a, farin kumfa yana bin ruwa. Ƙasa kaɗan da shi 'yan mata biyu ne da jarkoki, ga wani yaro yana shayar da awaki. Na ce, "Baba, sannu da aiki. Ruwan nan fa gida za shi." Ya ɗaga kai ya hango su, ya ce, "Wallahi ɗana, ban lura ba." Na yarda da shi. Yawancin ɓarnar da muke yi wa ruwa ta rashin lura ce.

Ba abincin shuka ba ne taki? Me ya haɗa shi da mutuwar kifi?

Abincin shuka ne a ƙasa, kuma abincin gansakuka ne a ruwa. Yuriya kashi 46 cikin 100 nata sinadarin naitirojin ne, kuma tana narkewa nan da nan. Idan ka watsa ta da yawa sannan ka saki ruwa ya malale fangali har ya tsallake kunya, rabon da saiwa ba ta kama ba ya tafi. A ruwan da ba ya gudu sosai, gansakuka za ta ci ta yi kore shar ta rufe sama. Idan ta mutu tana ruɓewa, sai ta shanye iskar da kifi ke shaƙa. Shi ya sa da asuba ake ganin kifi sun taso suna buɗe baki a saman ruwa.

Maganin abin yana cikin aljihunka ma. Raba takin kashi biyu ko uku maimakon zubawa gaba ɗaya. Binne shi kusa da gindin shuka, kada ka watsa. Ka ba da ruwa daidai yadda fangali zai sha, ka toshe. Tun ɓarkewar yaƙi a watan Afrilun 2023 taki da man inji sun yi tsadar da ba mai son ganin kuɗinsa yana bin ruwa. Kashin shanu da na awaki da ya ruɓe sosai ya fi riƙe danshi, kuma a hankali yake sakin amfaninsa. Sai dai shi ma kada a tara jujinsa a bakin ruwa.

Akwai abin da ya sa wannan magana ta ƙara nauyi. A da, kowace shekara kogi kan kawo mana laka daga tsaunukan Habasha ya shimfiɗa a jarfi kyauta. Babbar madatsar da Habasha ta fara cikawa a 2020 tana tare yawancin lakar nan. Mai jarfi zai riƙa ciyar da ƙasarsa da hannunsa fiye da yadda ubansa ya yi, kuma ina ganin gara ya saba da takin gargajiya tun yanzu.

Idan ban yi feshi ba ƙwari za su cinye tumatir. Me kake so in yi?

Ban ce ka zuba ido tsutsa ta cinye guminka ba. Amma ka tuna abin da ya faru a Jazira, babban filin noman ban ruwa na Sudan. Shekara da shekaru ana yi wa auduga feshi, har da jirgin sama, da DDT da makamantansa. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 farin ƙuda ya zama annoba, yana ɓata auduga da danƙo, domin maganin ya kashe ƙananan halittun da ke cin sa, shi kuma ya saba. Aka ƙara feshi, aka ƙara matsala. Lambunka ƙaramar Jazira ce.

Kafin ka haɗa magani, ka shiga lambu ka juya ganye ka ga abin da ke ciki. Wani lokaci tsince tsutsa da hannu ko cire shukar da ta kamu ya isa. Idan feshi ya zama dole, a bi ma'aunin da ke jikin kwalba, a yi da yamma lis lokacin da ƙudan zuma suka koma, domin su ne ke sa kabewa da kankana da gurji su yi 'ya'ya. Kada a yi cikin iska, kada a kai bakin ruwa. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan cikin injin feshin, a huda ta don kada wani ya zuba mai ko ruwan sha. Injin kuma a wanke shi cikin gona, nesa da tur'a da rijiya.

Masu zuba maganin ƙwari a kududdufi don kama kifi kuwa, wannan zalunci ne. Sun kashe manya da ƙanana da ƙwai, sun kuma kai wa mutane guba kasuwa.

Da gaske darbejiya tana aiki?

Tana yi, musamman kan tsutsa da fara da ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye. A daka busassun 'ya'yanta, kamar giram 50 a kowace lita, a jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle, a fesa da yamma. Ba ta kashewa nan take, hana ƙwaro ci da girma take yi, kuma rana tana karya ƙarfinta cikin 'yan kwanaki, saboda haka sai an maimaita. Ita ma ragowarta ba a juye shi a ruwan da kifi ke ciki.

Me ya sa za a bar bishiya da ciyawa a gaɓa, alhali nan ne ƙasa ta fi kyau?

Domin ita ce ke riƙe da ƙasar taka. Wanda haddam, wato zaizayar gaɓar kogi, ya taɓa cinye wa gona cikin dare ɗaya ba ya wannan tambaya. Saiwar bagaruwa, wadda ake kira sunut a nan, tana jure zama cikin ruwa wata da watanni, tana ɗaure gaɓa. Ciyawar da ke ƙarƙashinta tana tace ruwan da ya fito daga lambu kafin ya faɗa kogi. Ko taku goma ka bari ba nome ba, ya yi amfani. Dajin Sunut na Khartum, a bakin Farin Nilu, kafin yaƙi ya kasance mafakar tsuntsayen da ke ƙaura tsakanin Turai da Afirka, kuma kowane ɗan kurmin bagaruwa a bakin kogi irin wannan aikin yake yi daidai girmansa.

A kula da abin da ake dasawa. An shigo da miskit, wata bishiya mai ƙaya, Sudan a 1917 da kyakkyawar niyya, sai ga shi ya mamaye gonaki a Kasala da Tokar, har gwamnati ta ba da umarnin kawar da shi a 1995.

Tsuntsaye fa? Ai ɓarna suke yi.

Wasu suna yi, kamar jan baki a gonar dawa. Amma hatsi mai guba ba ya zaɓe. Shamuwa fara take ci, balbela tana bin garma tana tsince tsutsa, kwaɗi da jemagu suna rage ƙwari da dare. Mujiya, da muke jifa saboda camfi, ita ce babbar mai kama ɓeran da ke yanke mana shuka, kuma idan ta ci ɓeran da ya sha guba ita ma ta tafi. Raga da tarko da mutum-mutumi da yaro mai gwangwani sun fi aminci. Ɗan abin da tsuntsu ya ɗauka kuwa bai faɗi ƙasa banza ba, domin ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci, sadaka ce gare shi.

Ina ruwanmu da teku, mu da muke nesa da shi?

Nilu yana bi ta Khartum da Masar ya faɗa Bahar Rum, kuma leda ba ta ruɓewa a hanya. Amma waɗanda abin ya fi shafa kai tsaye 'yan'uwanmu ne na Fot Sudan da Tokar. Can koramu a bushe suke yawancin shekara, mutane suna zuba shara a ciki, ranar da ruwa ya zo sai ya share komai zuwa Bahar Maliya. Murjani yana son ruwa garau, laka da taki suna shaƙe shi. A Sanganeb da Dungunab, waɗanda UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 2016, akwai kunkurun teku da wata dabba 'yar'uwar ayu mai kiwo a ciyawar ƙarƙashin ruwa. Kunkuru kan haɗiye leda yana zaton abinci ne. Mai lambu a can, idan ya dasa ire, ya tattara baƙaƙen ledojin nan ya sake cika su da ƙasa, waɗanda suka yage kuma ya ɗaure su cikin buhu ya fitar da su daga korama kafin ruwan hunturu ya sauko.